Baba Josiah da Dogon Kwale-kwalensa

Josiah Gaiya bai taɓa ganin teku ba, kuma har furfura ta rufe masa kai bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba. A wani ƙauye kusa da Kafanchan aka haife shi, inda a idon yaro babu abin da ya kai jirgin ƙasa girma. Yana saurayi ya samu aikin reluwe. Aka yi ta yawo da shi tasha bayan tasha har aka sauke shi a Minna, ya auri Dorothy, ya sayi fili a Shango tun unguwar tana rabin daji, ya gina gida.

Aikinsa duba dogo ne. Yakan bi layi da ƙafa, guduma a kafaɗa, ya ƙwanƙwasa ƙarfe ya kasa kunne, ya ɗaure noti ya yi gaba. A kan wannan aiki ya samu aƙidar da ya riƙe har tsufa: duk abin da yake motsi ba a kan dogo ba, ganganci ne. Mota ganganci ce. Babur kuwa hauka ne tsantsa. Keke napep yakan shiga idan ta kama dole, amma sai ya yi addu'a a bayyane, har direba ya tsargu. Labulen falonsa a kan dogo yake tafiya. Shi ne na farko a layinsu da ya sa wa gida get mai turawa a kan dogo, alhali ko keken hawa ba shi da shi, balle motar da za ta shiga.

Da ya yi ritaya sai ya koma gindin mangwaron ƙofar gida. Kullum bayan la'asar abokinsa Malam Ndaliman yakan zo daga Limawa su buga dara. Ndaliman tsohon malamin labarin ƙasa ne, Banufe, mai son a san cewa kakanninsa a kan kogin Neja suka rayu, a cikin jirgi ake haifarsu, a cikin jirgi suke tsufa. Shi dai a Minna aka haife shi, kuma idan mota za ta tsallake gadar Chanchaga rufe ido yake yi. Wannan bai hana shi magana a kan ruwa da muryar mai gado ba.

Da haka rayuwar Baba Josiah za ta lallaɓa har ƙarshe, ba don 'yarsa Charity, ma'aikaciyar jinya a Legas, ta aiko masa da babbar waya don ya riƙa ganin jikokinsa ba. Jikokin ya gan su sau kaɗan. Abin da ya kama shi wasu bidiyo ne na tsofaffin Turawa masu jan wuya, suna zaune a ƙananan jiragen ruwa marasa inji, sun ɗaga farin ƙyalle, iska tana tura su. A lokacin man fetur ya yi tsadar da kowa a majalisa yake zagin kowa. Baba Josiah ya dubi bidiyon, ya dubi layin motocin da ke gidan mai a tsallaken titi, ya kira matarsa.

"Maman Charity, zo ki ga abin da muka yi shekaru muna bari yana wucewa ta kanmu a banza."

Dorothy ta leƙa, hannunta duk garin masara. "Mene ne?"

"Iska."

"To, Allah ya ƙara," ta ce, ta koma kicin. Ta ɗauka zancen ya ƙare a nan.

Ba a jima ba wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida ɗauke da tsohon kwale-kwale mai faɗin ciki, wanda ya saya a wajen masunta ta can gefen Kuta. Aka ɗora shi a kan tayoyi a tsakar gida, daidai inda Dorothy take shanya barkono. Shekwolo mai walda, wanda shagonsa yake bakin layi, ya kafa bututun ƙarfe a tsakiya. Wani kafinta ya yi wutsiyar katako ta juya jirgi, ya kuma rataya allon katako a gefe don kada iska ta riƙa tura jirgin a kaikaice. Ƙyallen kuwa, da Baba Josiah ya ji kuɗin yadi a kasuwa, sai ya tattaro banar kamfe da aka zubar bayan zaɓe, tela ya haɗa ta. Da aka ɗaga ta a tsakar gida sai ga ƙatuwar fuskar wani ɗan takara da ya sha ƙasa, yana murmushi, an yanke masa kunne ɗaya wajen ɗinki.

Har nan babu gardama. Ndaliman ma yana zuwa ya zagaya jirgin, hannu a baya, ya ce ba laifi, kakansa zai iya shiga wannan.

Gardamar ta ɓarke ne a kan igiya. A ƙasan babban ƙyallen akwai sanda kwance, kuma daga sandar ake sauko da igiyar da mai tuƙi yake ja ko ya saki gwargwadon ƙarfin iska. A wasu jiragen igiyar takan bi ta wani zobe da aka kafe a tsakiyar cikin jirgin, shi ke nan. A wasu kuwa akan shimfiɗa ɗan siririn ƙarfe daga wannan gefen jirgi zuwa wancan, a ɗora masa 'yar taya mai gudu hagu da dama, a ɗaura igiyar a jikinta. Turawan bidiyon suna kiran abin tirabila.

Ranar da Baba Josiah ya fara ganinsa, miƙewa ya yi tsaye. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya dawo da bidiyon baya ya sake kallo. Dogo ne. Ɗan ƙarami, amma dogo ne sak, har da taragonsa, a tsakiyar ruwa. Abin da ya daɗe yana damunsa a ɓoye, wato cewa ya tsufa ya faɗa son abin da ke yawo ba layi, ya warware nan take.

"Malam, ka gani ko? Ko a teku, mai hankali sai ya shimfiɗa dogo."

Ndaliman ya karɓi wayar ya nisanta ta daga fuskarsa. "Wannan ƙarfen da ya tare tsakiyar jirgi? Mutane a ina za su zauna?"

"Zama kuma? Tuƙi aka zo yi."

"Oga Josiah, kakannina sun kai doya daga Muregi, garinmu na bakin Neja, har Lokoja, ba su taɓa sa layin dogo a jirgi ba."

"Shi ya sa doyar take isa a ruɓe."

A ranar ba a ƙarasa dara ba. Ndaliman ya koma Limawa ya ari wayar 'yarsa Rukayat, ya nemo nasa Turawan. Ashe su ma can rabe suke gida biyu, kuma sun fi mutanen Minna zafin kai. Washegari ya dawo da hujjoji. Ya ce abin na masu tsere ne, ba na dattijon da zai fita shan iska ba. Ya ce yana ƙara nauyi, yana cin wurin zama, yana fasa ƙwauri, kuma igiyoyinsa sukan sarƙe daidai lokacin da ake bukatar su. Baba Josiah ya ce idan iska ta kaɗo da ƙarfi, mai tirabila sai ya zame tayar gefe, ƙyalle ya zubar da iskar ba tare da ya lalace ya zama buhu ba, mai zobe kuwa sai dai ya saki igiya ya yi ta salati. Kowannensu yana maimaita abin da ya ji rabi ya fahimci rabi, kuma ko ɗaya bai taɓa riƙe igiyar jirgi a kan ruwa ba.

Majalisar gindin mangwaro ta rabe biyu, 'yan dogo da 'yan zobe. Mai shayi ɗan zobe ne. Tsohon ɗan sandan da ke gidan kusa ɗan dogo ne, don yana son abin da ke da oda. Zancen ya shiga taron zumuntar maza a coci, ya fito ya shiga hirar bayan masallaci. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne rabuwar ba ta bi addini ba, ba ta bi ƙabila ba, abin da ko zaɓen kansila bai taɓa yi a unguwar ba. Wani dattijo ya ce tunda abu ya kai haka, ya kamata a yi ƙungiya. Aka kafa Ƙungiyar Matuƙa Jirgin Iska ta Shango da Kewaye. Aka zaɓi shugaba, da mataimaki, da uban ƙungiya, da kakaki. Aka fitar da anko, shuɗin yadi da farar hula. Aka naɗa kwamitin da zai duba batun tirabila, kwamitin ya zauna, ya ci ƙosai, ya ba da shawarar a faɗaɗa kwamitin.

Shekwolo mai walda kuwa yana tare da duk wanda ke tsaye a shagonsa. Idan Baba Josiah ne, sai ya ce, "Baba, gaskiya naka ne, jirgi ba dogo ai kwano ne." Idan Ndaliman ne, sai ya ce, "Malam, ni ma na faɗa masa, ƙarfe a ruwa wahala ne." Ranar da suka same shi tare, sai ya rufe fuska da gilashin walda ya kunna wuta.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ruwan da jirgin ya taɓa gani shi ne wanda ya taru a cikinsa daga sama. Kajin Dorothy suka mai da shi wurin ƙwai. Sauro ya yi gari a ciki.

Dorothy mace ce mai haƙuri, amma haƙurinta irin na mai tara bayani ne. Wata safiya Baba Josiah ya fito ya tarar an jibge ƙasa baƙa da takin kaji a gefen jirgin, ga irin tumatir a leda.

"Maman Charity, wannan fa?"

"Lambu zan yi."

"A ina?"

Ta nuna jirgin da baki. "Baban Charity, na ba ka tsakar gidana don ka ce jirgin ruwa ne. Idan na ruwa ne, a kai shi ruwa kafin wata ya ƙare. Idan na tudu ne, tumatir ya yi tsada."

"Kwamiti bai gama..."

"Kwamiti ya zo ya taya ni ɗiban ƙasa."

A ranar Baba Josiah ya yanke hukunci ba tare da kwamiti ba. Ya zagaya kasuwar 'yan ƙarfe bai samu dogon da ya yi masa ba. Ya dawo ya tsaya a ƙofar gidansa yana tunani, sai idonsa ya faɗi ƙasa, a kan dogon get ɗinsa. Kafin azahar Shekwolo ya tumɓuke shi, ya yanke daidai faɗin jirgi, ya ɗaure da noti, ya ɗora ɗaya daga cikin tayoyin get ɗin a kai. Daga ranar sai an haɗu mutum biyu ake ɗaga get a jingine shi, kuma awakin unguwa suka gane haka kafin masu gidan su saba.

Baba Josiah ya zauna ya yi wa dogon fenti, ja da fari, irin na mararrabar jirgin ƙasa. Ya bushe ya ƙara. Ya sake bushewa ya sake ƙarawa, har kan tayar, har ƙarƙashinta, don kada tsatsa ta samu wurin shiga.

Aka sa ranar Asabar, a dam ɗin Tagwai, bayan Dorothy ta ce ba da mijinta za a je babban dam na Shiroro ba. 'Yan ƙungiya suka hallara cikin anko. Aka buɗe da addu'a ta Musulunci, aka ƙara da ta Kirista. Shugaba ya yi jawabi a kan makomar sufurin ruwa a jihar. Kakaki ya yi jawabin godiya ga shugaba. Da aka zo shiga jirgi sai shugaba ya tuna likita ya hana shi sanyi. Mataimaki ya ce ba daidai ba ne ya shiga inda shugaba bai shiga ba. Tsohon ɗan sanda ya ce shi zai tsaya a bakin ruwa ya kula da tsaro.

Idanu suka koma kan Ndaliman. Shekara biyu yana ba su labarin Muregi. Ya dubi ruwan, ya dubi jama'a. Dorothy ta matso da jarkoki marasa komai, ta ɗaura wa mijinta biyu a ƙirji da igiyar shanya, ta miƙa wa Ndaliman biyu.

"Madam, jinin mutanen kogi ba ya bukatar..."

"Malam, ɗaura. Ba ni zan je Limawa in yi wa iyalinka bayani ba."

Ya ɗaura. Su biyu suka shiga, aka tura su. Ndaliman ya ɗaga ƙafa zai wuce gaba, ƙwaurinsa ya gamu da dogo, ƙarar ta kai har bakin ruwa. 'Yan zobe suka yi tafi.

Sai kuma iska ta ƙi zuwa. Jirgin ya ɗan yi nisa da ƙarfin turin da aka yi masa, ya tsaya cak. Fuskar ɗan takara ta yi laƙwas a jikin bututu. Rana ta take. Dattawa biyu suna zaune a tsakiyar ruwa da jarkoki a ƙirji, gwiwoyinsu sun takure saboda dogon ya cinye wurin miƙe ƙafa, suna jin muryar shugaba daga nesa yana tambaya ko an fara.

"Tura tayar taka mana," in ji Ndaliman, yana shafa ƙwauri. "Ko sai an busa usur?"

Baba Josiah ya ɗaga kai. Yana kallon wani wuri can gaba inda fuskar ruwa ta fara yamutsewa, yamutsin yana matsowa. Sai ya ji sanyi a bayan wuyansa. Ƙyallen ya motsa, ya kumbura, ɗan takara ya cika fuska ya yi murmushi, igiya ta yi nauyi a hannunsa. Jirgin ya ɗan karkata ya fara tafiya.

Abin da ya fi ba shi mamaki shirun ne. Duk abin hawan da ya sani yana da ƙara da hayaƙi da girgiza. Wannan kuwa ba ka jin komai sai ruwa yana wucewa a jikin katako kamar ana zuba shayi. Ya ɗan matsa wutsiyar, jirgin ya saurare shi. Ya mayar, ya sake saurare. Babu layi a gabansa, babu sigina, duk faɗin ruwan hanya ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tafiya tsakanin ƙarafa biyu ya ji wani abu ya buɗe a ƙirjinsa, a bayan jarkokin, har idonsa ya kawo ruwa. Ya juya zai gaya wa abokinsa, ya tarar jikan mutanen kogi ya rungume bututu da hannu biyu, ido a rufe, yana karanta duk abin da ya haddace tun yana makarantar allo.

Suna cikin haka iska ta ƙaru. Wata guguwa ta sauko daga kan tudu ta bugi ƙyallen, jirgin ya kwanta gefe har ruwa ya fara leƙowa ciki. Ga lokacin da Baba Josiah ya yi shekara biyu yana jira. Ya ɗaga murya irin ta tsohon ma'aikaci.

"Malam! Zame tirabila!"

"Me?"

"Tayar! Tura ta gefe!"

Ndaliman ya buɗe ido ɗaya, ya miƙa ƙafa ya taka tayar. Ba ta motsa ba. Ya harbe ta. Ko gezau. Fenti ya haɗe ta da dogo sun zama abu ɗaya, ja da fari, gwanin kyau. Ruwa ya shigo ya jiƙa musu wando. Baba Josiah bai san lokacin da yatsunsa suka buɗe ba. Igiyar ta zame daga hannunsa, sandar ta tafi gefe, ƙyallen ya zubar da iskar, jirgin ya miƙe ya zauna daram kamar ba abin da ya faru.

Suka dubi juna. Baba Josiah ya jawo igiyar a hankali, suka ci gaba.

Sai da tsallaken dam ya matso suka gane akwai darasin da duk cikinsu ba wanda ya kalla, saboda bai shafi tirabila ba, wato yadda ake juyowa. Jirgin ya shiga ciyawa da mutuncinsa, ya kafe a laka a bakin lambun wani mai alayyafo. Suka fito laka har gwiwa, suka ba mai lambu haƙuri, suka ɗaure jirgin a jikin bishiya. Babu abin hawa a wajen sai babur. Haka 'yan ƙungiya suka ga Baba Josiah Gaiya ya dawo ta hanyar tudu a bayan ɗan acaɓa, ya ƙanƙame shi, Ndaliman a bayansa, jarkoki suna ƙwanƙwasar juna.

Kowa ya yi zaton gardama ta mutu a ranar. Ashe a ranar ta samu abinci. Baba Josiah ya ce jirgi mai tirabila ya tsallake dam bai kife ba, duk wanda ke da ido ya gani. Ndaliman ya ce tayar ko motsi ba ta yi ba, ashe zobe ne aka yi wa dogon wuya, kuma abin da ya cece su sakin igiya ne, wanda shi ya daɗe yana faɗa. Kwamiti ya saurari ɓangarorin biyu ya ce a ƙara bincike. Ba a jima ba ƙungiyar ta watse a kan wanda zai gaji shugaba, kuma har yau akwai mutum biyu a Shango da kowannensu ke amsa sunan.

Baba Josiah dai ya ci gaba da zuwa dam. Ya bar jirgin a wajen mai lambun, suka zama abokai. Ya koyi juyowa bayan ya shiga ciyawa sau da yawa. Ya kankare fentin da wuƙa, ya zuba baƙin mai, tayar ta riƙa gudu sumul. Ndaliman yakan bi shi wani lokaci, har ya kai yana buɗe ido duka biyu. Daga baya hawan jini ya taɓa shi, ƙafa ɗaya ta yi nauyi, Rukayat, da ta yi aure a Bida, ta ɗauke shi zuwa gidanta. Gindin mangwaro ya yi shiru.

Shi kaɗai a kan ruwa, ba mai kallo, Baba Josiah ya lura da wani abu da bai yi masa daɗi ba. Yakan fita ya dawo bai taɓa tayar ba. Idan iska ta yi ƙarfi hannunsa igiya yake saki, don ita ce a hannun. Ƙwaurinsa duka biyu sun cika da tabo. Ranar da Dorothy ta yarda ta shiga jirgin, bayan roƙo mai yawa, ta tsaya da kwandon abinci a hannu tana duban ƙarfen.

"A ina zan zauna?"

Ya nuna mata wani lungu. Ta zauna a takure, bakin zanenta ya shiga ƙarƙashin taya ya fito da baƙin mai. Ta dube shi. Amma da iska ta ɗauke su ya ga ta saki gefen jirgin, ta sa hannu a ruwa, tana wata waƙar coci a hankali. Da suka dawo ta ce mako mai zuwa ma za ta zo, idan an samu wurin zama.

A cikin makon ya je dam da sifana shi kaɗai. Ya kwance dogon, ya kafe zobe a tsakiyar jirgin, ya sa benci. Ya kawo ƙarfen gida a naɗe cikin buhu ya tura ƙarƙashin gado.

"Kada Malam ya ji," ya ce wa Dorothy.

"Ni ina ruwana da ƙarfenku."

Bai sani ba, Dorothy da Rukayat suna waya. A nan Dorothy ta ji cewa a Bida Ndaliman ya tara sabuwar majalisa a ƙofar gida, kuma ba shi da labarin da ya wuce na jirginsu na Minna. "Mama, kullum sai ya faɗa," in ji Rukayat. "Wai jirginsu har tirabila gare shi, irin na Turawa, duk jihar nan babu na biyu. Wai shi ya ba da shawarar a sa." Dorothy ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, amma ba ta gaya wa mijinta ba, don ta ga kowannensu yana jin daɗin abin da ya riƙe.

Bayan Babbar Salla Rukayat ta bugo ta ce jikin Baba ya yi sauƙi, za ta kawo shi Minna ranar Asabar, kuma ya ce lallai a kai shi dam, har da abokansa biyu na Bida da ke son ganin jirgin. Baba Josiah ya ajiye waya ya durƙusa ya jawo buhu daga ƙarƙashin gado. Notin ne bai gani ba. Ya birkice gidan, ya tafi shagon Shekwolo ya samo wasu, ya wuni a dam yana cire benci yana mayar da dogo, yana gumi yana tsaki.

Ranar Asabar Ndaliman ya sauko daga mota da sanda, ya rame, amma muryar tana nan. Ya jagoranci baƙinsa har bakin ruwa, ya nuna musu ƙarfen da kan sandarsa, ya yi musu bayanin yadda ake zame taya idan iska ta kaɗo, kalma bayan kalma yadda Baba Josiah ya saba faɗa. Baba Josiah ya buɗe baki, Dorothy ta taka masa ƙafa, ya rufe.

Baƙin suka ce su daga nan ma suna gani sarai. Aka kama Ndaliman aka shigar da shi a hankali. Ya ɗaga ƙafarsa mai lafiya zai wuce gaba, ƙwaurinsa ya daki dogo. Ya zauna yana shafawa, fuskarsa cike da jin daɗi. Ya jira sai da jirgin ya yi nisan da mutanen Bida ba za su ji ba, sannan ya sunkuyo.

"Oga Josiah, har yanzu ba ka cire wannan banzan ƙarfen ba?"

"Ba zan cire ba," in ji Baba Josiah. "Janye ƙafarka, iska na zuwa."